Mai Shari'a Aloma Mukhtar: ban da "mace ta farko", me ta bari a kotu?

Ɗalibar Lauya

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Wani abu ne yake damuna. Duk inda aka ambaci Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar, abu ɗaya ake jerowa: lauya mace ta farko daga Arewa, mace ta farko a Babbar Kotun Kano, ta farko a Kotun Ɗaukaka Ƙara, ta farko a Kotun Ƙoli, ta farko da ta zama Alƙalin Alƙalan Najeriya. Daga nan sai a yi tafi a watse. To ni tambayata, idan aka ajiye wannan jerin gefe, me za a ce ta yi a matsayinta na alƙali? Waɗanda suka ga zamanin su taimaka mana, don mu lokacin muna firamare.

Baban 'Yan Biyu

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kafin a ajiye jerin, a dubi shekarun da ke cikinsa tukuna. An haife ta a Legas ranar 20 ga Nuwamba 1944, ta yi makaranta a Zariya da Wusasa, ta wuce Ingila ta karanta lauya. An kira ta lauya a can a 1966, a nan gida kuma a 1967, shekarar da aka fara yaƙin basasa. A Ma'aikatar Shari'a ta Arewa ta fara aiki, ta yi majistare a tsohuwar Jihar Arewa maso Gabas, a 1973 ta zama babbar magatakardar kotunan Jihar Kano, a 1977 ta hau kujerar Babbar Kotu tana da shekara 32. Yarinya 'yar Arewa a Ingila tana karatun lauya a lokacin da a garuruwa da yawa ko firamare ba a barin mace ta gama, wannan kaɗai ba ƙaramin abu ba ne.

Ɗalibar Lauya

Yaya ban raina ba wallahi. Amma ka ga kai ma tarihin hawa matakala ka ba ni. Ni aikin nake tambaya.

Tsohon Magatakarda

'Yata, tambayarki tana kan hanya. Idan aikin kike nema, je ki nemo hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 12 ga Disamba 2008, ƙarar Janar Buhari kan zaɓen 2007 da ya ba Umaru 'Yar'adua shugabanci. Alƙalai bakwai suka zauna. Huɗu suka ce zaɓe ya tsaya: Kutigi wanda shi ne Alƙalin Alƙalai a lokacin, Katsina-Alu, Musdapher, da Niki Tobi wanda ya karanta babban hukuncin. Uku suka ce a soke a sake: Oguntade, Onnoghen da ita.

Abin da aka yi jayayya a kai ƙaramin abu ne a ido. Dokar zaɓe ta 2006 ta ce takardun ƙuri'a su zo a ɗaure kamar littafi, kowace da lambarta a jere. Na zaɓen shugaban ƙasa sun zo babu waɗannan lambobin. Wanda bai taɓa riƙe littafin rasit ba zai ga kamar ba komai ba ne. Amma duk wanda ya yi aikin karɓar kuɗi a ofis ya san amfanin lamba: idan aka ba ka littafi daga 001 zuwa 100, ka yaga 60, dole 40 su rage a hannunka, kuma gindin 60 ɗin nan yana nan a manne ana iya ƙirgawa. Idan babu lamba, wa zai ce ga adadin da aka buga, ga wanda aka kai rumfa kaza, ga wanda ya dawo? Ko wani ya shigo da nasa daga waje, da me za ka gane? Masu rinjaye suka ce, to an saɓa doka, amma mai ƙara bai nuna cewa saɓawar ta canja sakamako ba. Su ukun suka ce ai abin da za a auna sakamakon da shi ne aka cire, don haka ƙuri'ar tun daga tushe ba ƙuri'a ba ce.

Ki tuna kuma wanda ke kan mulki ɗan Katsina ne, jam'iyyarsa ce ke riƙe da ƙasa, kuma alƙalai huɗun da ke ɗaya ɓangaren duk manyanta ne a kotun, suna gabanta a layi. Ta rubuta nata ta sa hannu.

Ɗan Adawa

Baba, Allah ya ƙara girma, amma mai ƙarar ma ai ɗan Katsina ne, don haka maganar Arewa ba ta taso ba. Sannan hukuncin marasa rinjaye ba ya sauke kowa daga mulki. 'Yar'adua ya ci gaba da zama a kujerarsa har Allah ya karɓi ransa a 2010. Me talaka ya samu daga rubutun nata?

Tsohon Magatakarda

Ɗana, talaka ya samu shaida a rubuce cewa saura ƙuri'ar alƙali ɗaya a soke zaɓen shugaban ƙasa a Najeriya. Ba a taɓa zuwa kusa haka ba, kuma har yau ba a sake ba. Shi kansa 'Yar'adua ranar da aka rantsar da shi ya yarda zaɓen na da naƙasu, har ya kafa kwamitin gyaran zaɓe ƙarƙashin tsohon Alƙalin Alƙalai Uwais. Hukuncin marasa rinjaye ba don ranar da aka karanta shi kaɗai ake rubutawa ba, lauyoyi na ɗaukarsa su kafa hujja da shi a gaba.

Maman Yara

Ni abin da ya fi tsaya min a rai daban ne. Shekara goma ta yi a Babbar Kotun Kano, ba ta taɓa zama babbar jojin jihar ba, maza aka yi ta naɗawa. A 1987 ta tafi Kotun Ɗaukaka Ƙara, nan kuma ta yi kusan shekara 18 kafin ta shiga Kotun Ƙoli a 2005. Ku kwatanta da Onnoghen da Baba ya ambata. Sai a 1978 ya zama lauya, lokacin ita ta riga ta shekara a kan kujerar Babbar Kotu. Ya shiga Kotun Ɗaukaka Ƙara a 1998, shekara 11 bayanta. Amma shekara ɗaya suka shiga Kotun Ƙoli. Wani ya yi min bayanin wannan lissafin ba tare da ya ce min ƙaddara ce ba.

Lauyan Unguwa

Hajiya, akwai bayani, ko da ba zai gamsar da ke gaba ɗaya ba. Kujerun Kotun Ƙoli ba da tsufa a aiki kaɗai ake rabawa ba, ana duba shiyya. Idan alƙalin Kudu maso Kudu ya yi ritaya, daga can za a ɗauko magajinsa, ko da akwai wanda ya girme shi a aiki daga wata shiyyar. Ita gurbin Arewa maso Yamma take jira, kuma a shekarun nan daga shiyyar akwai Uwais, akwai Kalgo a Kotun Ƙoli, sannan Musdapher ya shiga a 2003, shi kuma ya riga ta zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara da shekara biyu. Don haka kwatanta ta da Onnoghen bai cika daidai ba, layinsu ba ɗaya ba ne.

Maganar Kano kuwa, a nan ba zan yi miki musu ba. Babu batun shiyya a cikin jiha ɗaya.

Maman Yara

To Barista ka ba ni rabi ka riƙe rabi, na karɓa. Amma jinkirin nan shi ya sa ta hau kujerar Alƙalin Alƙalai tana dab da 68, alhali tsarin mulki ya ce a 70 za ta sauka. Jonathan ya rantsar da ita ranar 16 ga Yuli 2012, ta sauka ranar 20 ga Nuwamba 2014. Wata 28. Sai kuma a zo ana tambayar me ta gyara.

Lauyan Unguwa

Wannan ba ita kaɗai ba ce. Tun da Uwais ya sauka a 2006 bayan shekara goma da 'yan kai, dubi waɗanda suka biyo: Belgore 'yan watanni, Kutigi kusan shekara uku, Katsina-Alu bai cika biyu ba, Musdapher bai cika ɗaya ba. A cikinsu ma ita tana cikin waɗanda suka daɗe. Al'adar bai wa mafi daɗewa a kotun kujerar ce ke jawo haka, mutum zai hau yana ƙirga kwanakin ritaya.

Amma a wata 28 ɗin ta taɓa abin da ake jin tsoron taɓawa. Tun a gaban Majalisar Dattawa lokacin tantance ta ta yarda akwai cin hanci a ɓangaren shari'a, ba ta kewaye ba. Alƙalin Alƙalai shi ne shugaban majalisar NJC mai ladabtar da alƙalai. A Fabrairun 2013 majalisar ta ba da shawarar a yi wa alƙalai biyu ritayar dole. Ɗaya Charles Archibong na Babbar Kotun Tarayya a Legas, cikin laifukan da aka same shi da su har da sallamar tsohon shugaban wani banki daga tuhuma tun kafin a tambaye shi ko ya amsa laifi ko bai amsa ba. Ɗayan Thomas Naron na Filato, wanda ya shugabanci kotun ƙarar zaɓen gwamnan Osun, aka samu bayanan waya da ke nuna yana magana da lauyan ɓangare ɗaya alhali shari'a na gabansa. Bayan wata biyu aka dakatar da Abubakar Talba na Babbar Kotun Abuja shekara ɗaya ba albashi, kan shari'ar kuɗin fanshon 'yan sanda.

Ɗan Adawa

Yauwa, ka kawo ni inda nake so. Wannan shari'ar ta fansho kowa ya tuna ta. Mutum ya amsa laifi a kan biliyoyin naira na tsofaffin 'yan sanda, aka ce ɗaurin shekara biyu ko tarar naira 750,000. Ya biya nan take ya shiga mota. An dakatar da alƙali shekara ɗaya, ya dawo, a 2018 aka ɗaga shi zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Shi Naron da Archibong kuma ritaya aka ba su. Ni ma'aikaci ne, ritaya a wurinmu abin murna ce, har walima ake yi. Wane ne a cikinsu ya tsaya a gaban kotu a matsayin wanda ake tuhuma? Idan masinja ya ɗauki fayil ya ɓoye don an ba shi na goro, caji ofis zai kwana.

Lauyan Unguwa

Malam, NJC ba ta da ikon gurfanar da kowa. Iyakarta gargaɗi, dakatarwa, ko ta ba shugaban ƙasa ko gwamna shawarar ritaya ko kora. Gurfanarwa aikin Antoni Janar ne da EFCC da 'yan sanda. Idan ba su yi ba, kada ka ɗora mata. Kuma game da Talba, a yi adalci: ba a ce ya karɓi komai ba, an ce bai yi amfani da ikon da doka ta ba shi yadda ya dace ba wajen yanke hukunci. Sashen dokar da masu gabatar da ƙara suka zaɓa shi kansa hukuncinsa bai wuce shekara biyu ba. Daga baya a 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da hukuncin mutumin ɗaurin shekara shida da tarar sama da naira biliyan 22.

Ɗan Adawa

To idan shara ta yi, me ya sa shekara biyu bayan tafiyarta, a Oktoban 2016, jami'an DSS suka fasa gidajen alƙalai cikin dare, har da na Kotun Ƙoli? Waɗannan ai suna nan lokacin da take shugabanci.

Tsohon Magatakarda

Bari in shigo nan, don na yi aiki a rajistara har na yi furfura, kodayake ban taɓa aiki a ƙarƙashinta kai tsaye ba. Ku da ke waje kuna auna abu da wanda aka kora. Mu da ke ciki da wani abu muke aunawa. Kafin lokacin, takardar ƙorafi a kan alƙali abin dariya ce a wurin wasu, sun san za ta kwanta. A shekarun nan biyu kuwa na ga alƙalin da ya saba shigowa sha ɗaya ya koma zama ƙarfe tara daidai. Na ga ana kiran mu da yamma a ce a fito da duk fayilolin da aka gama jawabin ƙarshe, a lissafa kwana nawa suka yi, saboda tsarin mulki ya ba da kwana 90 a yanke hukunci, kuma an fara tambaya. Fayilolin da ƙura ta rufe a saman kabad, igiyar da aka ɗaure su da ita har ta ci takarda, aka sauko da su. Ba wai mutane sun zama waliyyai ba ne. Tsoro ne, kuma tsoron ya yi wa masu shari'a amfani.

Ɗan Adawa yana da gaskiya a wuri ɗaya: da ta tafi, a hankali wasu suka koma ruwa.

Ɗalibar Lauya

Baba wannan shi ne abin da nake son ji. Amma ya kawo wata tambayar. Idan gyaran ya tafi da tafiyarta, ashe halinta ne ya yi aiki, ba ta canja tsari ba ke nan?

Lauyan Unguwa

Ta bar takardu. A 2013 ta fitar da umarnin aiki na Kotun Ƙoli don a riƙa gaggauta ɗaukaka ƙara a shari'o'in cin hanci, ta'addanci, fyaɗe, garkuwa da mutane da safarar mutane. A watan da za ta sauka NJC ta fitar da sababbin ƙa'idojin naɗa alƙalai, waɗanda suka ce a tallata gurbi, a nemi ra'ayi kan masu nema, a yi musu tambayoyi baki da baki. Ko ana bin su da gaskiya, wannan wata muhawarar ce. Abin da ba ta taɓa ba, kuma ba za ta iya ita kaɗai ba tunda sai an gyara tsarin mulki, shi ne yawan ikon da ke hannun Alƙalin Alƙalai: shi ne shugaban NJC, kuma shi ke zaɓar mafi yawan mambobinta. Idan aka samu mai tsauri sai majalisar ta yi tsauri, idan aka samu mai sanyi ta yi sanyi. Wani kwamitin Uwais na daban, kan gyaran ɓangaren shari'a, da wasu bayansa sun yi ta magana kan gyare-gyare, wannan dai yana nan yadda yake.

Malama Mai Alli

Ina ta karantawa ban ce komai ba, amma ba zan bari a rufe ba a ambaci Ifeoma Jombo-Ofo ba. Nuwamban 2012, wata huɗu da hawanta. An naɗa sababbin alƙalan Kotun Ɗaukaka Ƙara 12, shugaban ƙasa ya amince, suka zo da iyalansu ranar rantsuwa. Ta rantsar da 11 ta bar mace ɗaya a zaune, saboda an kawo ƙorafi cewa asalinta 'yar Anambra ce, aure ne ya kai ta Abiya, don haka ba za ta ci gurbin Abiya ba. Matar nan ta yi shekaru tana alƙalanci a Abiya, can take biyan haraji. Sai da Majalisar Dattawa ta sa baki aka rantsar da ita daga baya a cikin watan. Macen da ta san ɗacin a tsallake ta, ita ce za ta yi wa wata haka a bainar jama'a? Ni wannan ya rage mata a idona, kuma na san mata da yawa da aure ya kai wata jiha da suka ji abin a jikinsu.

Baban 'Yan Biyu

Malama, ƙa'idar Hukumar Raba Daidai ce ta ce matar aure jiharta ta haihuwa za ta ci gaba da dogara da ita wajen rabon muƙami. Ba ita ta rubuta ba. Da ta rufe ido ta rantsar, da an ce ta yi son kai don mace ce 'yar uwarta.

Malama Mai Alli

Malam, sunan ya bi ta Hukumar Ma'aikatan Shari'a ta Tarayya, ya bi ta NJC, ya je teburin shugaban ƙasa ya dawo. Duk ba a ga matsalar ba sai ranar da mata ta ɗaura ɗankwali ta gayyato dangi? Idan akwai ƙorafi a tsayar tun a ofis. Kuma in ƙa'idar ce ta hana, me ya canja cikin mako uku da aka rantsar da ita?

Maman Yara

A nan ina bayan Malama, duk da ni mai son Mai Shari'a ce. Tsaurin da ya sa ta rubuta hukuncin 2008 shi ne dai ya sa ta yi wannan. Mutum ne mai bin abin da ke rubuce ko da zai yi wa wani ciwo. Dokar zaɓe ta ce lamba, ta ce sai lamba. Ƙa'ida ta ce jihar haihuwa, ta tsaya. Bambancin, ta farkon doka ce mai kare jama'a, ta biyun ƙa'ida ce da ke mayar da matar aure marar jiha: gidan ubanta a ce ta tafi, gidan mijinta a ce baƙuwa ce.

Ɗan Adawa

Ku ƙara da Ribas. NJC ta ce Daisy Okocha ce za ta zama babbar jojin jihar, Gwamna Amaechi ya ce Peter Agumagu yake so, ya rantsar da shi a Maris 2014, NJC ta dakatar da shi. Kotunan jihar suka shafe watanni a rufe, mutane na tsare a kurkuku ba mai sauraron belinsu. Kowa ya kafe, talaka ya biya. Sai kuma Ayo Salami, shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara da aka dakatar a 2011. NJC ta ce a mayar da shi tun kafin ta hau, amma har ya yi ritaya a 2013 bai koma ofis ba, tana kan kujera.

Lauyan Unguwa

Na Salami fadar shugaban ƙasa ce ta ƙi, tana fakewa da cewa magana na kotu. Na Ribas kuwa, tsarin mulki ya ce gwamna zai naɗa babban joji ne bisa shawarar NJC. Da ta bari gwamna ɗaya ya tsallake wannan, washegari gwamnoni 36 kowa zai ɗauko nasa. Rufe kotunan abin takaici ne, amma ka tambayi wanda ya fara taka layin.

Ɗalibar Lauya

Na gode ƙwarai, na samu abin da zan karanta. Baba Magatakarda, tambaya ɗaya ta ƙarshe. Alƙalai ukun nan da suka goyi bayan ƙarar Buhari, da ya hau mulki a 2015 yaya aka ƙare da su?

Tsohon Magatakarda

Oguntade ya riga ya yi ritaya, Buhari ya tura shi jakada a Birtaniya a 2017. Onnoghen ya zama Alƙalin Alƙalai, Buharin ne kuma ya dakatar da shi a Janairun 2019 kan batun bayyana kadarori, ana saura makonni zaɓe. Ita kuwa ta sauka tun kafin ya hau, kuma a matsayinta na tsohuwar Alƙalin Alƙalai tana da kujera ta dindindin a Majalisar Magabata ta Ƙasa. Sai a 2024 aka sake samun mace a wannan muƙami, Kudirat Kekere-Ekun.

Idan za ki karanta hukuncin, kada ki tsaya a nata kaɗai. Fara da na Niki Tobi, don ki ga hujjar da take mayar wa martani, musamman inda ya yi magana kan wanda nauyin kawo shaida yake kansa. Ɗakin karatun tsangayarku ba zai rasa kundin rahoton shari'o'in 2008 ba.

Lauyan Unguwa

Ki haɗa da sashe na 45 da na 146 na dokar zaɓen 2006, ki ajiye su gefe da gefe kina karantawa. In kin gama ki dawo ki gaya mana ɓangaren da kika bi, don ni har yau ina ganin Niki Tobi ya fi su hujja a kan shaida, kuma na san Baba ba zai bar ni ba.